Daɓen da Yaya Ya Yi a Ƙofar Ɗaki

Yayana ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce shi. In ya je gidanka gaisuwa ya ji ƙyauren ɗakinka yana ƙara, kafin a kawo masa ruwan sha ya cire shi ya kwantar a ƙasa, yana tambaya ko akwai ƙusa. Ba ya kuma yar da komai. Tsohuwar taya takalmi ce a wurinsa, fasasshen bokiti wurin shuka ne, wayar da wani ya jefar a bola ita ce igiyar shanyarmu har yau. Wannan halin ne ya ciyar da mu, shi ya kai ni makaranta, shi ne kuma ya jawo mana abin da zan ba da labari.

Yana da shekara goma sha uku Babanmu ya rasu, ni ina goye. Ya ajiye jakar makaranta ya tafi garejin da ke bayan tashar mota, ya fara da wankin sifana da miƙa wa manya kayan aiki. Can ya manne wa wani tsoho mai sana'ar batir, har tsohon ya tsufa ya bar masa rumfar. Tun daga nan sunansa ya ɓace. Duk unguwar Mai Batir suke ce masa, ni kaɗai nake cewa Yaya.

Ga yadda aikin yake. Zai sayi mataccen batirin mota, ya tuntsurar da ruwansa, ya sa gatari ya raba shi biyu. A ciki akwai farantai jere kamar shafin littafi. Su yake zubawa a tukunyar ƙarfe, ya hura gawayi har dalma ta narke ta kwanta tana sheƙi. Ya kwashe dattin da ya taso da ludayi, ya tsiyaye tsabar a mazubi. Masu yin kan batir suna saye, masu sa wa taru nauyi suna saye. Ko ƙoƙon batirin akwai masu nema. Abu ɗaya ne ba shi da mai so: wata toka mai nauyi da ke saura, haɗe da ɓarɓashin farantai. Tana nan tsibi guda a bayan rumfarsa, kullum yana harararta kamar wadda ta ci masa mutunci.

"Akanta," yakan ce da ni, "wannan tokar sai na samo mata aiki kafin in mutu."

Akanta yake kirana tun ina ƙarama, don ba na shiga ɗaki in fito ban san kujeru nawa ne a ciki ba. Da na girma na kama sarin ƙwai. In ɗauko daga gona, in raba wa shaguna da masu shayi, in koma in sake ɗaukowa. Ni zama ne ba na so. Ƙwai kuwa yana ƙara wa mutum ƙirga, talatin a kiret, wanda ya tsage daban, wanda ya fashe daban.

Duk masu aikin batir sun san hayaƙin tukunyar ba na kirki ba ne. Maganinsu gwangwanin madara bayan an tashi, wai tana wanke ƙirji. Yaya ya fi sauran kula. A garejin yake wanka, ya rataye kayan aikin a rumfa, ya dawo gida da wasu. Hayaƙi suke tsoro. Toka kuwa ta riga ta huce, ba ta wari, ba ta ƙuna, me za ta yi wa mutum?

Gidan hayar da muke ciki ɗaki goma sha shida ne, takwas suna kallon takwas. Famfo ɗaya, banɗaki biyu, tsakar gida doguwa siririya, kwata ta ratsa ta tsakiyarta. Ɗakin Yaya shi ne na ƙarshe, inda ƙasa ta fi kwari. Nawa yana kallon nasa, rabi gado rabi kiret. In aka yi ruwan sama, duk abin da gidan ya wanke a ƙofar Yaya yake taruwa ya kwana.

A nan matarsa ta haifi ɗan farinsu. Da ya fara jan jiki, da ciki yake tafiya, gwiwar hannu gaba, kamar soja a filin atisaye. Sai aka sa masa Soja, ita kuma ta zama Maman Soja. Yaya zai shigo daga aiki ya ƙame a bakin ƙofa ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, an ci nasara yau?"

"Ya ci," in ji Maman Soja. "Ya ci rabin sabulu da kunnen takalminka."

Watansa tara, tsakiyar damina, gudawa ta kama shi. Matan gidan suka ce haƙori ne, kowane yaro yana yi. Aka jira. Amai ya biyo baya, aka jira kaɗan kuma. Da idonsa ya faɗa muka ruga asibitin unguwa. Nas ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya yadda aka ja ta. Ta ce ruwan jikinsa ya ƙare. Suna neman jijiyar da za su sa masa ruwa ya cika.

Zan faɗi wani abu a nan don a gane yadda muka makance daga baya. Mutuwar jariri ba baƙon abu ba ce a gida irin namu. Wani tun wurin haihuwa ya tafi, ana can ana neman mota. Wata ƙyanda ce ta ɗauke ta, ba a kai ta allura ba. Wani ciwon ƙirji, a ɗakin da ake girki da gawayi ƙofa a rufe. A yi kuka, a yi ta'aziyya, a ce Allah ya sa mai ceto ne, gobe kowa ya fita nema. Ba wanda ke tsayawa ya jera su ya duba.

Yaya kuwa ba ya iya barin abu a lalace. Bayan an watse daga zaman makoki ya yini a bakin ƙofa yana kallon taɓon nan.

"Wannan ne ya cinye min yaro," ya ce. "A ciki yake rarrafe, hannun ya koma baki."

Gaskiyarsa ne kuwa. Ya je ya sami mai gidan a kan a yi siminti. Mai gidan ya ce zai duba. Yana nan yana dubawa har yau.

Sai ga Yaya wata safiya ya turo baro cike da tokar nan, fuskarsa kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Akanta, na samo mata aiki!"

Baro goma sha ɗaya ya kawo, ni na ƙirga. Ya cuɗa da jar ƙasa, ya yayyafa ruwa. Duk gidan aka fito. Tela, maƙwabcinsa na jikin bango, ya ciro katakon teburin yankansa aka riƙa bugu da shi. Mata suna ɗebo ruwa, ana tsokanar Tela wai tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga abin da ya fi almakashi nauyi ba.

"Ku dai yi ta dariya," in ji Tela yana haki. "Ranar biki za ku zo kuna Tela don Allah."

Da ya bushe, ba ka taɓa ganin daɓe irinsa ba. Ya ɗaga sama da kwata kamar taƙi guda, sumul, da tauri. Ruwa ba ya kwanciya a kai. Ciyawa ba ta fito ba. Ko kiyashi ba ya bi ta wurin, muka ce tsabar tsafta ce. Aka sa masa suna Falon Mai Batir. Duk mai jariri a gidan nan, in za ta yi wanki ko girki, can take kai shi ta ajiye. Shi ne wuri ɗaya tak da uwa za ta sauke ɗanta hankalinta a kwance. Mace ɗaya ce ba ta kawo nata, wata malamar makaranta a ɗakin farko, da ke tsare 'ya'yanta a kan leda cikin ɗaki. Madam Tsafta muke ce mata, ba kuma da yabo ba.

Da rani saman daɓen yana ɗan tashi, wani gari mai laushi kamar hoda. Maman Soja tana sharewa safe da yamma. Ƙurar ta tashi ta sauka a kan kwanuka, da tabarma, da shanya.

Haihuwar Maman Soja ta biyu mace ce. Manaja muka sa mata, don tana kallon mutum kamar wanda ya makara zuwa aiki. Sa'arta ɗan Tela ne, wani ɗan dunƙule da ubansa ke kira Maɓalli. Tare suka koyi zama a Falon, tare suka fara rarrafe, su yi karo da goshi su yi kuka tare.

Maɓalli ne ya fara. Ya ƙi nono, ya riƙa kuka ba dalili, ya yi amai, sannan jijjiga. Jikinsa ba zafi sosai, amma mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne, shi yake yawo. Aka ba da magani, aka yi allura. Ya tafi yana wata goma. Ba a daɗe ba Manaja ta bi shi, hanya ɗaya sak, har yadda take dafe kai da hannu tana kuka. Haƙoranta huɗu. Ɗan direban ɗaki na biyar shi ma ya yi jijjigar, ya tashi, amma yaron da ya fara kama bango ya koma ko zama ba ya iyawa.

Aka yi ta magana. Wasu suka ce iska ce a gidan, wasu suka ce baki ne. Wata tsohuwa ta ce a gaban Maman Soja wai akwai matan da nononsu ba ya raya ɗa. Maman Soja ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito tsakar gida ba sai da dalili.

Yaya ya zagaya yana neman abin da ya lalace. Ya sa raga a taga. Ya sayo murfin randa. Ya duba daɓen ya ga ya tsattsage a gefen kwata, ya ce ta nan datti yake shigowa. Ya ƙaro baro huɗu ya gyara.

A lokacin shi ma jikinsa ya fara ba shi labari. Ciwon ciki mai murɗawa, ciwon kai, mantuwa. Wani lokaci hannunsa ya kama rawa har cokali ya suɓuce masa. Ya ce gajiya ce, ya mayar da madararsa gwangwani biyu.

Ta uku ta zo kafin lokacinta, 'yar mitsitsiya, sai muka ce mata Ɗigo. Maman Soja ta ɗaure ta a baya ta ƙi saukewa. Da ita take wanki, da ita take girki, har zanin goyo ya yi mata kanta a ƙirji.

"Akanta," ta ce da ni wata rana tana wanke-wanke, "ke da kike ƙirga komai. Kin lura? Ba wanda ya tafi yana kwance. Sai sun fara rarrafe."

"Anti, ki daina wannan tunanin."

"Ni dai ba zan sauke ta ba. Ta yi tafiya a bayana in tana so."

Amma yaro ba ya girma a baya. Da ta kai wata takwas ta riƙa banƙarewa tana ihu tana son ƙasa. A wurin awo ma aka ce a bar ta ta motsa jiki, a dai samar mata wuri mai tsafta. Yaya ya ji wannan ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun rasuwar Manaja.

"Wuri mai tsafta ai muna da shi. Duk unguwar nan wa ke da irinsa?"

Da kansa ya share, ya shimfiɗa tabarma. Ɗigo ta zauna a tsakiya ta dube mu, ta miƙa hannu, ta wuce bakin tabarmar. Ta shafa daɓen ta kai hannun baki. Muka tafa mata.

Watanta goma sha ɗaya, wata rana da azahar ina jera kiret, na ji Maman Soja ta ƙwalla ƙara. Na fito na tarar da Ɗigo a hannunta ta sandare, idanu sun juye, ƙafafu suna karkarwa. Wata ta ce a kawo cokali, wata ta ce a kira mai kemis. Motar da ta kawo min ƙwai tana ƙofar gida ba ta tafi ba. Na ce ba kemis, ba asibitin unguwa, babban asibiti za mu. Na aika a gaya wa Yaya ya same mu can.

Likitar yara wata mace ce mai sanyin magana. Suka tsayar da jijjigar, suka ɗebi jini. Ba zazzaɓin sauro. Suka ɗebi ruwan baya, ba sanƙarau. Ta dawo ta zauna a gabanmu.

"Jininta ya yi ƙasa ƙwarai. 'Yarki ta nawa ce?"

"Ta uku," in ji Maman Soja.

"Sauran fa?"

Maman Soja ta sunkuyar da kai. Ni na amsa. Na ce na farko gudawa, ta biyu irin wannan jijjigar. Na ce ɗan maƙwabci ma haka, da wani da ya rayu amma ya koma baya. Masu jijjiga huɗu ke nan da wannan, a gida ɗaya, duk masu rarrafe.

"Babanta me yake yi?"

"Batir yake narkawa."

Ta ajiye biron da ke hannunta. "A gidan?"

"A'a, Likita, a gareji, da nisa. Can yake wanka ya canja kaya. Yayana ba ya taɓa yaro da kayan aiki."

Ta sake duba takardar gwajin. Daidai nan Yaya ya shigo yana haki, da gani gudu ya sha, amma ya tsaya ya sa rigar gida kafin ya taho. Ya gaishe ta ya durƙusa a gefen gadon.

"To a ina take wasa?" in ji Likita.

"A ƙofar ɗaki," Maman Soja ta ce da sauri, kamar mai kare kanta. "Wallahi wuri ne mai tsafta. Sau biyu nake sharewa. Babanta ne ya daɓe da hannunsa."

"Da siminti?"

"Ina! Ya fi siminti," in ji Yaya. Har a wannan halin sai da muryarsa ta ɗan ɗaga. "Tokar wurin aikina ce na cuɗa da jar ƙasa. Ko kiyashi ba ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya ga fuskarta.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce akwai gwajin da za a aika wani wuri, sai ya dawo za ta tabbatar. Amma ta bayyana mana. Tokar nan cike take da dalma, gari mai laushin da ido ba ya gani. Babba ya haɗiya, kaɗan ne ke shiga jininsa. Jariri kuwa cikinsa zuƙewa yake kamar abinci, ta wuce ƙwaƙwalwa. Uwar da ke shaƙar ƙurar tana ba ɗanta tun yana ciki. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa.

"Likita, toka ce fa," in ji Yaya a hankali. "Ta huce. Da hannuna nake ɗibarta."

"Na sani, Malam."

"Don taɓo na yi. Taɓo ne ya kashe na farkon."

"Na gane."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Ta biyun fa? Manaja?"

"Ba zan yi rantsuwa a kan wadda ban gani ba."

"Amma?"

"Amma kada wani yaro ya sake taka wurin nan daga yau. Akwai yara a gidan yanzu?"

Ya miƙe. Na bi shi, muka bar Maman Soja da Ɗigo. Muna shiga gida muka tarar da jarirai uku a Falon, ɗaya yana tsotsar wani murfin kwalba da ya tsinta a wurin. Yaya ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa kowace uwa nata, ya ce a wanke masa hannu da baki yanzu. Sannan ya tsaya a tsakiyar daɓen ya ce kowa ya fito. Zai iya cewa likita ce ta hana, ya yi shiru a nan. Bai yi haka ba. Ya faɗi komai, abin da ke cikin tokar da abin da take yi wa yara, har ya kai ga sunan Maɓalli.

Matar Tela tana riƙe da kwano. Ta ajiye shi a ƙasa a hankali.

"Kullum da safe nake kawo shi," ta ce. "Har rigima nake yi a matsa masa wuri."

Ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta sake yi wa Yaya magana ba, ko gaisuwa, har suka tashi daga gidan. Ban ga laifinta ba.

Tela ya tsaya da abin awo a wuya. Na ɗauka zai kai masa duka, har na matsa tsakaninsu. Sai ya ce, "Da katakon teburina muka buga shi, Mai Batir. Yana nan, a kansa nake yanka har yau." Ya juya ya tafi.

Gwajin ya dawo kamar yadda Likita ta zata. Ma'aikatan lafiya suka zo da wata na'ura kamar abin busar da gashi, suna ɗora ta a ƙasa tana nuna lamba. A Falon lambar ta yi sama, suka dubi juna. Suka ɗebi jinin yara tara na gidan, bakwai suna ɗauke da dalma, uku aka kwantar. Na Madam Tsafta biyu ne suka fita. Ita ce ma ta riƙa dafa abinci tana kai wa masu jinya.

Suka ce a jiƙa wurin sosai kafin a haƙa, a rufe hanci, a ƙulle ƙasar a buhu su kwashe. Yaya ya ce ba mai taɓa diga sai shi. Yana cikin yi sai ga Tela da shebur na aro, ya ɗaura ƙyalle a hanci. Ɗaya yana sara, ɗaya yana kwashewa. Baro goma sha biyar ne suka shiga wurin nan, buhu arba'in da ɗaya suka fita, don ƙasar da ke ƙarƙashi ma ta sha. Da aka gama, ramin ya fi na da zurfi. Ruwan farko da aka yi ya cika shi da taɓo.

Ɗigo ta daɗe a asibiti. Akwai maganin da ke jawo dalma daga jini ta fita ta fitsari, aka yi mata zagaye bayan zagaye. Sau biyu jijjigar ta dawo, na biyun har nas ta ce mu fita daga ɗakin. Yaya yana zuwa kullum, ya tsaya a bakin ƙofa hannuwansa a baya. Maman Soja ta ce ya shigo ya ɗauke ta, ya girgiza kai.

Ranar da aka sallame su Likita ta ce, "Ta tsallake. Amma ku sani, abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa ba duka yake dawowa ba."

Ta rayu. Ita kaɗai a cikin uku. Na samo musu ɗaki a wata unguwa, a bene, siminti ko'ina. Yanzu shekararta huɗu. Tana tafiya tana jan ƙafar hagu, in ka kira ta sai ka maimaita. Kalmominta goma sha biyu ne, na ƙirga. Sa'o'inta suna rera waƙa a makaranta. Uwarta har yau Maman Soja ake ce mata. Wata sabuwar maƙwabciya ta taɓa tambaya ko ɗan nata a bariki yake, ta ce eh, ya yi nisa.

Yaya bai sake hura tukunyar ba. Ya bi garejin rumfa rumfa yana gaya wa abokan sana'arsa. Wasu sun saurara. Wasu suka ce Mai Batir ya taɓu, iyayen gidansu sun shekara arba'in suna wannan aiki da gwangwanin madara. Sauran tsibin tokar da ke bayan rumfarsa ne ya hana shi sukuni. Ba ya iya zubarwa, ba ya iya bayarwa, masu kwashewa sun ce za su zo. Ya lulluɓe shi da tamfol ya danne da duwatsu, yana zuwa dubawa. Wata rana ya tarar da wani mutum da baro yana yaye tamfol ɗin, wai zai cike ramin ƙofar gidansa, yara suna faɗawa. Mutanen gareji sun ce ba su taɓa jin Yaya ya ɗaga murya ba sai ranar. Bayan mutumin ya tafi ya zauna a kan dutse ya yi kuka.

Yanzu tare muke aiki. Shi ke sauke min kiret daga mota ya kai shaguna. In mun tashi in raka shi gida in gaishe da Ɗigo, sai ya tsaya a famfon ƙasa ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauraye, ya sake wankewa, mutumin da ƙwai kawai ya taɓa tun safe. Sannan ya hau. Tana jin takunsa take jawo ƙafa ta nufo ƙofa. Baba yana cikin kalmomin nan goma sha biyu. Yakan duba tafin hannunsa ciki da baya kafin ya sunkuya. Ƙyauren ɗakin nasu yana ƙara tun da suka tare, bai taɓa shi ba.

Hannun nasa bai daina rawa ba, Likita ta ce dalmar ta riga ta zauna masa a ƙashi. Aikin ƙwai kuwa ba ya son hannu mai rawa. Jiya ma kiret ya karkace masa a bakin shagon mai shayi, na ji ƙarar fashewa daga cikin mota.

"Akanta," ya ce yana tsugune yana tattarawa, "nawa ne?"

Na ce masa ban duba ba. Na ɗauko tsumma muka goge wurin.